Waya a Hannun Mai Koyo: Jagorar Buɗe Ajin Fasaha a Unguwa

Ajin koyon waya da kwamfuta da na fara buɗewa a Garwa, arewacin Kamaru, bai cika wata guda ba ya watse, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Na ari zaure, na ari benci, na rataya farin ƙyalle a bango, na zo da kwamfutata da takardun darasin da na yi kwana uku ina tsarawa. Ranar farko na yi bayanin mece ce kwamfuta. Rana ta biyu na bi sassanta ɗaya bayan ɗaya. Rana ta uku ina tsakiyar zana yadda saƙo ke tafiya a intanet sai wani dattijo dillalin albasa ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, a gafarce ni. Yaushe za mu iso wurin da mutum zai gane ko kuɗinsa sun shigo?" Na duba takarda na ce, "Baba, wannan sai mako na shida." Ya gyaɗa kai, ya yi godiya. Ban sake ganinsa a zauren ba.

Daga baya na ji labarinsa. Albasa yake lodawa zuwa Yawunde da Duwala, masu saye su turo kuɗi ta waya, shi kuma kullum sai ya nemi yaron da zai karanta masa saƙon. Kafin ya isa gida rabin layi ya san nawa aka turo masa. Abin da ya kawo shi ke nan, ni kuwa na ajiye masa shi a mako na shida saboda haka takardata ta ce.

Matakan da ke ƙasa na tattara su ne daga azuzuwan da suka biyo bayan wancan. Na rubuta su don wanda ya iya waya ko kwamfuta, yake son koya wa mutanen unguwarsu, ko a Garwa yake, ko Marwa, ko Ngaundare, ko Kusuri. Ina cewa "kai" ne don sauƙin magana, amma malama mace ma da ita nake, har ma ta fi, kamar yadda za a gani.

Mataki na ɗaya: yi yawo kafin ka ari benci

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ware mako biyu kana zagayawa wurin waɗanda kake sa ran za su zo: tela a shagonsa, mahauci, mai babur ɗin haya, uwar adashi, ɗan sakandare da ke shirin jarrabawar shiga aiki. Kada ka tambaye su me suke so su koya. Amsar da za ka samu ita ce "komai ma, Malam", ko "kwamfuta", kuma babu wadda za ta amfane ka. Tambayar da ke buɗe baki ita ce: "Yaushe rabonku da ku miƙa wa wani wayarku ya yi muku wani abu? Mene ne abin?" Nan za ka ji gaskiya. Wata za ta ce hoton ɗinki take so ta tura wa mai kaya a Ngaundare. Wani zai ce lambobinsa duk sun ɓace da ya sauya waya. Wani zai yi shiru, sannan ya rage murya ya ce an taɓa cinye masa jaka ashirin, wato sefa 20000.

Rubuta amsoshin da kalmomin da aka faɗe su, kada ka gyara. Wannan littafin shi ne manhajar karatunka. Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1963, a garin Angicos na ƙasar Brazil, masanin ilimi Paulo Freire da abokan aikinsa sun fara ne da tattara kalmomin da mutanen garin ke amfani da su a bakinsu, da su suka gina darasin, manya kusan 300 suka fara karatu da rubutu cikin sa'o'i 40 na zama.

A wannan yawon ka roƙi a nuna maka wayoyin. Duba iri: Tecno ce, Itel ce, mai shafawa ce ko mai madannai. Duba ko gilashin ya tsage, ko ma'ajinta ya cika da bidiyo har ba ta karɓar komai, da wane harshe aka saita ta. Tambayi kuma da sunan wa aka yi rajistar layin. Mata da yawa layinsu da katin shaidar miji ko na ɗa aka yanke shi, kuma ranar da asusun kuɗi ya kulle, wancan mai katin ne kaɗai zai iya zuwa ofis a buɗe. Gara ka sani tun yanzu.

Kada ka manta da gaisuwa. Je wurin mai unguwa ko jauro, je wurin liman, ka faɗa musu abin da za ka yi da inda za ka yi shi. Ajin da aka yi wa sanarwa bayan sallar Juma'a daban yake da wanda aka ji labarinsa a bakin yara.

Mataki na biyu: lokaci da wuri nasu ne

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, amma shi ke kashe aji da yawa. Kada ka sa darasi ranar kasuwa, ko lokacin da zai ci sallar la'asar, ko tsakiyar shuka da cirar auduga idan mutanenka manoma ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, zaman rana azaba ce ga mutum da waya baki ɗaya. Koma safiya ko bayan isha'i. Da azumi ka tambaye su, su yanke.

Shirya kamar ba za a kawo wuta ba. Lantarkin arewa ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, wuta takan yi ƙaranci, ko da yake tashoshin sola na garuruwan Marwa da Gidar sun rage abin. Saboda haka ka gaya wa kowa ya zo da cajinsa cike, ka tanadi batirin ajiya ɗaya ko biyu, kuma duk darasin da ka tsara ya zama mai yiwuwa ba tare da majigi ba. Ni yanzu ba na ma ɗaukar majigin. Yana juya fuskokin mutane zuwa bango, alhali abin da nake so su kalla yana tafin hannunsu.

Mutum takwas zuwa goma sun ishi malami ɗaya. Ajin matan aure a yi shi a cikin gida, da hantsi bayan an sallami 'yan makaranta, kuma mace ta koyar. Na gwada haɗa su da maza sau ɗaya. Awa biyu babu wadda ta yi tambaya, sai da aka tashi wata ta aiko ƙaramin ɗanta ya tambaye ni abin da ya shige mata duhu tun minti goman farko.

Mataki na uku: kowa da allonsa

Nan ne na fi daɗewa kafin in gane, kuma abin kunya, amsar tana ƙofar gidanmu tun ina yaro. Leƙa makarantar allo da yamma. Yara talatin, murya talatin, amma babu biyu da ke wuri ɗaya. Wannan yana babbaƙu, wancan ya shiga farfaru, na can gefe ya kusa sauka. Malam yana zaune, kowa ya zo da allonsa a biya masa, ya koma ya maimaita, in ya riƙe ya wanke a yi masa ƙari. Ba a jiran wani, ba a jan wani da ƙarfi. Ga gardawa kuma suna taya malam sauraron ƙanana. Abin da masu bita ke zuwa daga nesa su koya mana da sunan tsarin da ya sa mai koyo a tsakiya, rabinsa muna da shi. Bulalar kawai za a bari a can.

Ga yadda za ka ɗauko tsarin. Saya wa kowane mai koyo kati mai kauri, ko ka yanka kwali. A samansa rubuta buƙatarsa ɗaya, wadda ya faɗa da bakinsa: "in ga kuɗin da ya shigo", "in tura hoton ɗinki", "in ajiye lamba da suna". Wannan ne allonsa. A ƙasa za a jera matakan aikin, amma shi zai jera su, ba kai ba, kuma sai bayan ya yi aikin da hannunsa. Wanda ya iya boko ya rubuta da boko. Wanda ya iya ajami ya rubuta da ajami, kuma za ka yi mamakin yawan dattawan da ake kira jahilai alhali suna rubuta wasiƙa da shi. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya zana: kore mai kan tarho, kibiya, alamar makirfo. In ya yi aikin sau uku a jere ba tare da ya kalli katin ba, ya wanke allo ke nan, sai a ba shi sabon kati.

Raba zaman kashi uku. Minti goma sha biyar na farko na kowa da kowa ne, a kan abu ɗaya da ya shafi duka, misali rage hasken fuskar waya don caji ya daɗe. Sannan awa guda kowa a kan katinsa, bibbiyu, kai kana zagayawa. Ragowar lokacin na nuni ne: mutum biyu ko uku su tashi su gwada wa aji abin da suka iya yau.

Wajen haɗa su bibbiyu a yi hattara. Kada ka haɗa uba da ɗansa, ko suruka da matar ɗanta. Ɗaya zai ji nauyi, ɗaya zai ƙosa. Haɗa masu waya iri ɗaya, ko masu sana'a ɗaya. Kuma kada ka ɗora wanda ya fi kowa sauri a kan wanda ya fi kowa jinkiri. Wanda ya koyi abu jiya ya fi iya koyar da shi yau, domin bai manta inda ya yi tuntuɓe ba.

Mataki na huɗu: hannunka a bayanka

Idan duk jagorar nan abu ɗaya za ka ɗauka, ɗauki wannan: kada ka taɓa wayar mai koyo. Da wuya, na sani. Hajiya tana ta neman alamar da ke gabanta ƙiri-ƙiri, yatsanta na yawo a kanta, kai kuwa hannunka na ƙaiƙayi. In ka karɓa ka danna, daƙiƙa biyu aikin ya ƙare, ita kuma ta koyi abu ɗaya tak: cewa wannan aikin na masu ilimi ne. Abin da 'ya'yanta ke yi mata a gida ke nan shekara da shekaru, "kawo in yi miki", shi ya sa ta zo wurinka.

Tsarin da nake bi hawa huɗu ne. Na farko in yi aikin a tawa wayar, a hankali, tana kallo, ina faɗin abin da nake nema da ido: "Ina neman kore. Ga shi. Yanzu ina neman sunan mutumin." Na biyu mu yi tare, ni a tawa, ita a tata. Na uku ta yi ita kaɗai, ni na harɗe hannuwa a baya. Na huɗu ta juya ta koya wa ta kusa da ita. In ta maƙale a hawa na uku, ina ƙirga goma a zuci kafin in buɗe baki, kuma in na buɗe tambaya ce: "Hajiya, me kuke gani yanzu? Wanne ne ya yi kama da abin da kuke nema?" Sau da yawa kafin in kai bakwai ta gano.

Akwai abin da mu da muka saba ba ma lura da shi: taɓa gilashi ma koyo ne. Mai noma ko mai wanki fatar yatsansa ta yi kauri, ga kaushin hunturu, wani lokaci wayar ba ta jin taɓawarsa. Wani kuma dannawa yake da ƙarfi ya riƙe, kamar madannin tsohuwar waya, sai alamomi su fara rawa ya tsorata. Ba da zama guda cur ga wannan: taɓawa, riƙewa, ja sama, ja gefe, buɗa hoto da yatsu biyu. A yi shi a kan hotunan jikoki, ba a kan asusun kuɗi ba. Ƙara girman rubutu ga duk wanda ya haura arba'in, shi da kansa, kana gaya masa inda zai bi. Wasu ba rashin fahimta ke damunsu ba, tabarau suke buƙata.

Tsoro ne babban abokin gaba. Kusan kowane dattijo yana zuwa da "kada in lalata". Maganinsa a ranar farko: sa kowa ya ɓata da gangan. Ya shiga inda bai sani ba, ya danna abin da ya ga dama, sannan ka nuna masa ƙofofin fita biyu, madannin komawa baya da na komawa gida. A maimaita har a fara dariya. Kai ma in ka yi kuskure a gabansu kada ka ɓoye, ce "kun ga, na ɓata, bari mu ga yadda zan fita." In kuwa wani ya ce shi ya tsufa, ai gemu ba ya hana ilimi, amma kada ka tsaya a karin magana, nuna masa sa'ansa da ya iya.

Mataki na biyar: harshe, da lissafin dala

Wayoyinmu da Faransanci suke magana, kasuwa da Fulatanci, gida da Hausa, a Kusuri da Njamena ga Larabcin Shuwa. Yi bayani da harshen da mutum yake mafarki da shi, amma kada ka fassara masa abin da ke rubuce a waya ka bar shi haka, domin gobe a shago Faransancin zai gani. Zaɓi kalmomi kaɗan, kada su wuce goma, waɗanda ba makawa sai ya gane su da ido: *envoyer*, *retrait*, *solde*, *montant*, *confirmer*, *annuler*. Rubuta kowace da girma a kwali, a riƙa ɗagawa ana faɗin ma'anarta kamar wasa. Wanda bai iya karatu ba yana gane kalma da siffarta, kamar yadda yake gane motar garinsu a tasha. Sauran kalmomi kuwa, bar su da sunan da mutane ke kiransu. In sun kira sabis rezo, ka ce rezo. In sun kira kuɗin kira kiredi, ka ce kiredi.

Darasin kuɗin waya shi ne wanda aka fi nema, kuma a cikinsa akwai ramin da na ga mutane da yawa sun faɗa. Mu da dala muke ƙirga kuɗi, waya kuwa da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce. Idan Inna ta ce za ta tura "ɗari", sefa 500 take nufi. In ta rubuta 100, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ta yi niyya ta tura. A Chadi ma haka abin yake da riyal. Wata uwar adashi a ajinmu ta rantse an cuce ta, saƙo ya nuna 15000 alhali ita "dubu uku" ake binta. Da muka zauna muka lissafa, kuɗinta cif suke. Don haka kafin a taɓa waya, zo da takardun kuɗi na gaske, ka shimfiɗa a tabarma: ta 500, ta 1000, ta 2000, ta 5000, ta 10000. Kowa ya ɗaga takarda, ya faɗi sunanta da Hausa, ya karanta lambar da ke jikinta, ya rubuta lambar a waya. Ƙa'idar ita ce, abin da ke rubuce a jikin takarda shi waya ke so. A tsaya a kan sifiri sosai: jaka ɗaya sifiri uku, jaka goma sifiri huɗu. Sifiri ɗaya na ƙari ya isa ya raba mutum da jarinsa.

Sannan a shiga aikin. Masu MTN su danna *126#, masu Orange su danna #150#. Kai malami ka bi jerin zaɓin da kanka a daren da ya gabata, domin kamfanoni kan sauya lambobin jerin, kuma katin da aka rubuta bara yana iya kai mutum wani wuri. A fara da duba abin da ke cikin asusu, shi ne ba ya cin komai in an yi kuskure. Sai tura ƙaramin kuɗi tsakanin abokan zama, ya tafi ya dawo. Lambar waya a Kamaru alƙaluma 9 ce tun 2014, ta salula tana farawa da 6. A ƙirga su da yatsa, a karanta da ƙarfi, abokin zama ya tabbatar, kuma in suna ya fito a duba shi kafin a amince. Gaya musu gaskiyar abin da ake cira: ban da ladan kamfani, a Janairun 2022 an sa harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan turawa da cirewa, wanda shi kaɗai a jaka goma sefa 20 ne, wato dala huɗu. Mutumin da ya san wannan ba zai zargi mai shagon cire kuɗi a banza ba, ba kuma za a yi masa ƙari ya yi shiru ba.

Lambar sirri kuwa, duk lokacin da mai koyo zai shigar da ita, juya bayanka, a gaban kowa, da gangan. In ya ce "ai Malam ba komai, kai ne", ka ce da komai. Kada a rubuta ta a katin darasi, kada a liƙa ta a bayan waya, kada ta zama shekarar haihuwa ko 1234. Juya bayan nan da kake yi ya fi duk wani wa'azi da za ka yi a kan sirri.

Mataki na shida: a yi wasan ɓarawo

Faɗa wa mutane "ku yi hankali da 'yan damfara" ba ya hana komai. A buga wasan. Kai ka zama ɓarawon, ka fita waje ka kira ɗaya daga cikinsu, a sa a lasifika kowa na ji. Yi sallama mai daɗi, ka ce daga kamfani kake, an ga matsala a asusunsa, ya faɗi lambar sirri a gyara. Ko ka ce ka turo kuɗi bisa kuskure, ga marar lafiya a asibiti, don Allah ya mayar. Ko ka ce ya ci kyauta, ya biya kuɗin fito. Ka matsa masa, ka hana shi tunani, yadda su ma suke yi. Za a yi dariya, wani zai faɗa ramin, daga nan sai labarai su ɓalle, domin kusan kowa ya san wanda aka yi wa. Bar su su yi ta bayarwa. Wannan zaman nasu ne.

Abin da za a fita da shi gajere ne. Kamfani ba ya tambayar lambar sirri. Saƙon "an turo maka kuɗi" ba hujja ba ne, a shiga asusu a duba. Lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa ba a karanta wa kowa su, ko da muryar ɗan'uwa aka ji, kuma kowa ya kunna tabbaci mai hawa biyu, wato ƙarin lambar sirri ta WhatsApp, kafin a tashi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sai kuma jimla ɗaya da kowa zai haddace ya faɗa da ƙarfi: "Bari in duba, zan kira ka." Dattawanmu kunyar katse waya suke ji, sai an ba su kalmar da za su fita da ita cikin mutunci.

A nan ne kuma wurin maganar tura saƙon murya da bidiyon da ba a san asalinsu ba. Kamaru tana da dokar laifukan intanet tun Disambar 2010, kuma yaɗa labarin ƙarya na cikin abin da take hukuntawa. A yankin da ya sha fama da tashin hankali kamar Arewa Mai Nisa, murya ɗaya ta "an kawo hari" tana iya tayar da kasuwa. Tambayoyi biyu sun isa kafin a tura: wa ya faɗa, yaushe?

Mataki na bakwai: idan an zo kwamfuta

Matasa ne suka fi nemanta, kuma ƙa'idar ba ta sauya ba: aiki na gaske tun ranar farko. Kada a yi mako ana buga baƙaƙe marasa ma'ana irin "asdf" don saba yatsu. Mai neman aiki ya buga takardar neman aikinsa, mai shago ya jera kayansa da farashi a manhajar lissafi ta Excel ya ga jimla ta fito da kanta, sakataren ƙungiya ya buga sunayen 'yan adashi. Yawancin kwamfutocin da ke shigo mana madannansu tsarin Faransa ne, AZERTY, inda sai an riƙe madannin manyan baƙaƙe lambobin sama ke fitowa. Wanda kuma ya sayo tasa daga Najeriya zai tarar da tsarin Ingilishi, QWERTY. Nuna musu bambancin tun wuri. In mutum biyu ke kwamfuta ɗaya, sa agogo, kowane minti goma a sauya mai riƙe da linzami, in ba haka ba mai ƙarfin hali zai riƙe har a tashi, kuma galibi yarinyar ce ke zama 'yar kallo. Masu son rubuta Hausa da ƙ, ɗ, ɓ a waya su ƙara Hausa a Gboard, manhajar madannan waya. A rufe injinan da zane in an gama, ƙurar hunturu ba ta da tausayi.

Mataki na takwas: tilawa, awo, da miƙa ragama

Abin da aka koya ranar Asabar, in ba a taɓa shi ba, zuwa Asabar ta gaba ya tafi. Kowane zama a buɗe shi da tilawar tsohon kati kafin a karɓi sabo, kuma kowa ya tafi gida da aiki ɗaya na gaske: "kafin Talata ki turo mini hoton abin da kika ɗinka, da murya kina faɗin kuɗinsa." Zaure na WhatsApp na 'yan aji yana taimakawa, in an yarda tun farko cewa na darasi ne, ba na gaisuwar Juma'a ba.

Kada ka auna aji da yawan waɗanda suka zauna a hoto. Koma littafinka na mataki na ɗaya, ka bi mutum ɗaya-ɗaya a wurin sana'arsa bayan wata guda, ka roƙe shi ya yi abin nan da ya ce yana miƙa waya a yi masa. Ya yi ko bai yi ba, shi ne sakamakonka. Wanda ya daina zuwa ma ka je ka gaishe shi, ka tambaya ba tare da zargi ba. Amsarsa ta fi ta masu yabo amfani. Takardar shaida kuwa a bayar, mutane na sonta kuma matasa na buƙatarta, amma a rubuta a jikinta ayyukan da mutum ya iya, ba kwanakin da ya zauna ba.

Ra'ayina a kan kuɗin zama, wanda wasu ƙungiyoyi ke rabawa: yana cika aji da waɗanda ambulan ya kawo, ya kuma lalata wa na bayanka hanya. Na fi son kowa ya kawo ɗan abin da aka yi ittifaƙi a kai, ko dala ashirin ce, a sa a asusun data da caji, ɗaya daga cikinsu ya riƙe, a karanta lissafin a gaban kowa ƙarshen wata.

Tun mako na uku ka fara sa ido a kan gardawanka, mutum biyu da za su riƙe ajin in ba ka nan. Ba mafi sauri za ka zaɓa ba. Zaɓi wanda in abokin zamansa ya maƙale yake iya jira. Ba shi minti goma sha biyar na farko ya jagoranta, kai ka koma benci na baya. A zagaye na gaba ba shi rabin aji. A ajin mata wannan ya fi gaggawa, domin akwai gidajen da malama daga waje ba za ta shiga ba, amma maƙwabciya tana shiga da sallama kawai. Ka bar musu kwalayen kalmomi, da littafin buƙatu, da batirin ajiya, ka kuma gaya musu ranar da za ka leƙo: Asabar ta farkon kowane wata, bayan la'asar.